Zoben da Bai Shiga Faranti Ba

Sati uku ke nan rabon da fankar ta juya.

Injiniya ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin gwaji, makulli a hannu, ta kasa ɗaga ƙafa ta shiga. A gida Auta ake ce mata. Amma a nan sashen koyon ƙera jiragen sama, tun ranar da ta zo karatun digiri na biyu sunan Injiniya ya bi ta, kuma mutum ɗaya ne ya raɗa mata shi.

Ramin iska yana nan kwance a tsakiyar ɗakin kamar yadda ta bar shi. Dogon bututun ƙarfe ne wanda mutum zai iya shiga cikinsa a sunkuye, da tagar gilashi a tsakiya inda ake kafa fiffiken gwaji, can ƙarshensa kuma ƙatuwar fankar da ke zuƙo iska. Da can in aka kunna ta, har a tafin ƙafa mutum yake jin rurinta. Yanzu an lulluɓe ta da tamfol, an manna mata jar takarda.

Idonta ya sauka kan farantin.

Tsohon farantin silba ne a kan ɗan teburi, daga dama da ƙofa. Ƙura ta kwanta a cikinsa, abin da bai taɓa faruwa ba a zamanin mai shi.

Ranar da ta fara zuwa, shekara biyu da suka wuce, da sabon mayafi da sabuwar jaka, tana ji da kanta, wani dogon mutum mai shuɗiyar rigar aiki ya tare ƙofar nan da hannu.

"Hajiya, a sauke kaya."

"Wane kaya kuma?"

"Agogo, 'yan kunne, zobe, makulli, har fil ɗin mayafi. Duk abin da zai iya faɗuwa, faranti."

"Har fil? To da me zan riƙe mayafin?"

"Ƙulla shi za ki yi. Kakanninmu ba su san fil ba, kuma ba a taɓa ganin kansu a waje ba."

Ta watsa masa harara. "Malam, ni fa injiniya ce."

"Allah ya ja zamanin Injiniya," ya ce, ko murmushi bai yi ba. "Sai dai iskar da ke ciki ba ta yi boko ba. Abin da ta samu shi take ɗauka ta jefi fanka."

Shi ne Maƙeri. Haka ɗalibai da malamai suke kiransa, don duk fiffiken da aka zana a takarda a sashen nan, hannunsa ne yake mai da shi abin taɓawa. Ba shi da digiri, takardar makarantar koyon sana'a gare shi. Shi yake ƙirga abin da kowa ya zuba a faranti, shi yake ƙirga sifana da sukudireba in an gama aiki, sannan ya sa hannu a littafi cewa ramin babu komai, a kunna.

Ta shiga, ta ja kujerar da suka saba zama, ta zauna.

A kan teburin nan suka yi wata huɗu suna goge fiffikenta da sanfefa. Bincikenta a kan ƙananan jirage ne marasa matuƙi, irin waɗanda za su iya kai magani ƙauyen da mota ba ta shiga, yadda za su sauka a hankali ba tare da iska ta sake su ba. Ita ta yi lissafi, shi ya fafe katako. Da ta ce lissafinta ya ce gefen ya yi daidai, sai ya kama yatsanta ta saman hannun rigarta ya bi da shi kan katakon.

"Kin ji tudun nan? Kwamfutarki ba ta da yatsa."

A nan suka manna zaren ulu ɗari biyu da arba'in a bayan fiffiken, ɗaya bayan ɗaya, da tsinke da gam, don in iska ta bi ta kai a ga inda ta kwanta da inda ta yi gardama. Tana mannawa yana yanka. Ranar da suka fara kunnawa, zaren suka kwanta lumui kamar an taje su, ta yi tsalle ta manta da cewa ita uwa ce.

Ita kuwa uwa ce. Mijinta ya rasu 'yarsu tana wata takwas. Satin da yarinyar ta yi zazzaɓi, kwana biyar Injiniya ba ta leƙo makaranta ba. Da ta dawo ta tarar da fiffiken santsi kamar ƙwai. Ta tambaye shi, ya ce aljanun ɗakin ne, suna da son aiki. Tun daga ranar ta daina hararar sa.

Wata shida da suka wuce ya je gaishe da Yayanta, wanda shi ne uba a gidan tun rasuwar mahaifinsu. Yaya ya karɓe shi a tsaye. Da ya tafi, ya dube ta ya ce, "Duk karatun nan, Auta, a maƙera za ki ƙare?"

Ba a jima ba Kyaftin ya ɓullo, abokin Yaya, matuƙin jirgin fasinja.

Ta rufe ido. Abin da take gudun tunawa ya zo da kansa.

Safiyar gwajinta na ƙarshe, Umma ta kamo hannunta a ƙofar gida ta zura mata zobe. Kyaftin ne ya aiko. "Ban yarda ki cire ba," in ji Umma. Ta shiga mota da shi a yatsa. Da ta iso ƙofar nan ta hango Maƙeri riƙe da faranti yana yi mata murmushi, sai kunya da tsoro suka rufe ta. In ta sa shi a faranti, shi zai ɗauka ya ƙirga. Shi zai ce, agogo ɗaya, 'yan kunne biyu, zobe ɗaya.

Ta zare shi a ɓoye ta jefa a aljihun gaban rigar aiki.

Ta shiga ramin a sunkuye don ta gyara zare uku da suka ɗago. Ta fito. Ya ƙirga kayan aiki, sun cika. Ya sa hannu. Farfesa, mai duba bincikenta, ya ɗaga kai, aka kunna.

Minti biyu ba a yi ba aka ji ƙara kamar an harba bindiga, ɗakin ya ɗauki girgiza. Kafin a kashe, reshe ɗaya na fankar ya tsage.

Hannunta ya tafi aljihu da kansa. Wayam.

Ta ɗago, suka haɗa ido da Maƙeri. Ya ga hannun. Shi ya fara shiga bayan fankar, ya jima, ya fito ya tsaya gaban Farfesa.

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Noti na bari a ciki."

Ita kuwa ta buɗe baki, bakin ya ƙi.

An dakatar da shi a ranar. Yau Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma, kwamiti zai zauna ya tabbatar da korarsa. Jibi Asabar kuma manyan Kyaftin za su zo wurin Yaya.

*

"Assalamu alaikum, masu ƙera jirgin da ba ya tashi!"

Ta yi firgigit ta goge ido. Kyaftin ne a ƙofa, cikin fararen kayan aikinsa, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Mutum ne mai fara'a, ba ta taɓa kama shi da mugun hali ba, abin da ya ƙara mata nauyin al'amarin ke nan.

"Filin jirgi na nufa, na ce bari in ga Gimbiya. Kuka kike yi?"

"Ƙura ce."

"Ai dole, ɗaki ba mai shara." Ya zaro ɗan akwati daga aljihu. "Umma ta ce wancan ya ɓata a mota, kina ta damuwa. Don Allah ki daina. Ga ƙanensa, ya ma fi shi kyau."

"Ka riƙe tukuna."

"Sai Asabar ke nan? To, na ji, a bi doka." Ya yi dariya, ya leƙa wajen tamfol ɗin ya girgiza kai. "Wannan ce ɓarnar da mutumin naku ya yi? Wallahi an yi masa da sauƙi. A wurinmu, wanda ya bar noti a inji, ko tsintsiya ba a ƙara ba shi. Rayukan mutane ne fa. Ni kuskure ba ya ba ni tsoro, kowa yana yi. Wanda zai yi ya ɓoye, shi nake tsoro. Shi dai naku ya faɗi gaskiya, wannan na yaba masa."



"Allah ya kiyaye hanya," kawai ta iya cewa.

*

Da azahar ta samu Umma a ɗaki tana ninke kayan jikarta. Yarinyar tana barci a kan gado, ta rungume ɗan jirgin katako.

Injiniya ta durƙusa, ta dafa gwiwar mahaifiyarta.

"Umma, zoben nan ba a mota ya ɓata ba."

Ta faɗa mata komai, tun daga faranti har zuwa ƙarar. Umma ta saki rigar da ke hannunta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa kika gaya wa?"

"Ke kaɗai."

"To ya tsaya a kaina. Kin ji ni? Allah ya rufa miki asiri, ke ba za ki tona da hannunki ba."

"Umma, korarsa za a yi. Shekara goma sha ɗaya yana aikin nan."

"Ke kika sa shi? Shi ya ga zai iya. Namiji ne, da sana'a a hannunsa, ko'ina ya je zai ci abinci. Ke fa? Wata biyu ya rage ki karɓi takardarki." Muryar Umma ta fara rawa. "Na manta ne? Na manta yadda kika dawo gidan nan da jaririya a kafaɗa, ba ki ci ba ki sha, sai kallon bango? Karatun nan ne ya tashe ki. Ni na yi reno, na yi goyo da bayan nan nawa mai ciwo, don ki je ki dawo. Yanzu ki ce za ki watsar?"

"Ba watsarwa zan yi ba."

"Dubi yarinyar can. Dube ta da kyau. Marainiya ce. Ga mutum ya zo da mutuncinsa, ya ce zai riƙe ta kamar shi ya haifa. Me kike nema kuma a duniya?"

Hawaye suka zubo mata. "Ita nake dubawa, Umma. Jiya ta fasa kofi ta ce mage ce. Na zaunar da ita na ce mata ba a ƙarya, ko za a yi duka. Ina faɗa harshena yana ɗaci. Da wane baki zan raine ta?"

"Kofi daban, rayuwa daban."

"Kuma ke kika koya min."

Umma ta kau da kai. Ta ɗauki rigar ta sake ninkewa, ta warware, ta sake ninkewa.

"Son shi kike yi, shi ne kawai. So hana ganin laifi."

"Ina son shi, ban taɓa ɓoye miki ba. Amma laifin a wurina yake, kuma ina ganin sa sarai." Ta share fuska da gefen mayafi. "Yaya ya ce ba zai ba da ni ga wanda aka kora saboda sakaci ba. Umma, mai sakacin a gidanku take kwana."

"Ni na zura miki zoben," Umma ta ce a hankali, kamar da kanta take magana. Sai kuma ta ɗago da ƙarfi. "In kika fita gidan nan da niyyar zuwa wurin mutanen can, Yayanki zan kira."

Injiniya ta miƙe. Ta gyara wa 'yarta kwanciya, ta ɗauke mata jirgin daga ƙarƙashin haƙarƙari don kada ya danne ta, ta duba goshinta da bayan hannu kamar kullum.

"In ta tashi a ba ta ruwa kafin komai, tana tari da safe. Ki yafe min, Umma."

Tana saka takalmi ta ji Umma tana neman waya.

*

Garejin da Maƙeri ya koma aiki yana bayan tashar mota, rumfar kwano ce da janareto a jere kamar marasa lafiya a asibiti. Ta hango shi a tsugune, ya baje farin ƙyalle a ƙasa, ya jera notina a kai sahu-sahu, ƙanana gaba, manya baya. Ko a nan bai bar halinsa ba.

Ya rame.

"Malam."

Ya ɗago. Ya daɗe yana kallonta kafin ya miƙe yana goge hannu.

"Injiniya da kanta? Janareton gidanku ne ya lalace?"

"Ba ni zobena."

Murmushin ya ɗauke. "Wane zobe?"

"Kada ka mai da ni yarinya. Ka shiga bayan fanka ka fito hannunka a dunƙule. Sati uku ina kiran ka ba ka ɗauka."

"Ba ni da abin faɗa ne."

"Ni ina da shi. Ƙarfe huɗu zan shiga gaban kwamiti."

Ya jefar da tsumman. Bai taɓa ɗaga mata murya ba sai yau.

"Ba ki isa ba! Kin san abin da za su yi miki? Soke gwajin za su yi. Wata huɗu muna gugar katakon nan, yatsunki har jini suka yi. Zare ɗari biyu da arba'in! Kin ga yadda suka kwanta kafin ƙarar? Na gani da idona, lissafinki ya fita. Shekara goma sha ɗaya ina ganin ɗalibai suna zuwa suna tafiya, ban ga wanda fiffikensa ya riƙe iska kamar naki ba. Ni me zan rasa? Rigar aiki ce, ga wata na samu."

"Sunanka fa?"

"Maƙeri ne, ko'ina akwai wuta."

"Ni fa?" Muryarta ta karye. "Ni ba ka rasa ni ba? Ka san abin da ka yi? Da bakinka ka miƙa wa Yaya sandar da zai kore ka da ita. Jibi za su zo. Ka ɗauki laifina, ka bar ni da mutumin da ban zaɓa ba, kana ganin gata ka yi min?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da na ɗauko zoben nan a bayan fanka," ya ce, "na ga dutsen da ke kansa, na san ba irin wanda hannuna zai kai ba ne. Na ce ashe ta zaɓa, kunyar faɗa min take ji. To in mutum zai tafi, gara ya tafi da takardarsa."

"Ban zaɓa ba! Umma ce ta sa min a ƙofar gida. Na ɓoye ne don kada ka gani ranka ya ɓaci."

"Da kin sa a faranti."

"Na sani."

"Da na ƙirga shi, in ji zafi, in haɗiye. Farantin ai don haka aka ajiye shi, Injiniya. Ba ya tambayar wa ya ba ka."

Kuka ya ƙwace mata sosai, har mai garejin ya leƙo ya koma. Maƙeri ya tsaya da baƙin mai a hannu, ya rasa inda zai sa kansa.

"Ki yi haƙuri. Don Allah ki daina, mutane za su ce na ci miki kuɗin gyara."

Dariya ta kusa suɓuce mata a cikin kukan. Ta miƙa tafin hannu.

"Ba ni."

"A'a."

"To zan je haka. In sun ce ina shaida, in ce tana aljihun wanda ya koya min cewa ba a sa hannu a kan ƙarya."

Ya dube ta, ya ga babu wasa a idonta. A hankali ya zura hannu a aljihun ciki, ya fito da ƙullin takarda. Zoben ya lanƙwashe kamar an tauna shi, dutsen ya fita.

Ta karɓa ta juya.

"Injiniya! Ki tsaya mu yi magana!"

Ta riga ta tare mota.

*

Mutum biyar ne a ɗakin taron, Farfesa a tsakiya, da fayil a buɗe gabansa. Dattijo ne mai furfura, wanda ya ɗauke ta kamar 'ya tun da ya ga aikinta.

"Ba a gayyace ki ba," ya ce.

"Ranka ya daɗe, na sani. Minti biyu nake roƙo."

Ta taka har gaban teburin, ta warware takardar ta ajiye.

"Wannan ne ya fasa fanka. Nawa ne. Ban sa shi a faranti ba, a aljihu na ɓoye shi, ya faɗi lokacin da na shiga gyara zare. Babu notin da aka bari. A ƙirga na cikin akwatinsa, za a same su cif."

Farfesa ya cire tabarau, ya ɗauki zoben ya jujjuya.

"Sati uku," ya ce. "Sati uku kina gaishe ni a baranda."

"Na ji tsoro ne."

"Kin san me ya sa muke wahalar da ku da farantin nan? Wata rana abin da za ki sa wa hannu, mutane ne za su hau shi da 'ya'yansu." Ya buga teburin da yatsa. "Ɗaya ta ɓoye, ɗaya ya yi ƙarya don ya rufe ta. A ɗakin gwajina! Fita ki jira."

Ta jira minti arba'in a kan benci, tana kallon agogon bango. Da aka kira ta, Farfesa bai ɗago ba, karantawa kawai ya yi. An soke gwajinta. Za ta ƙara shekara guda, ta sake komai daga farko, kuma za a rubuta abin da ya faru a fayil ɗinta. Maƙeri ba za a kore shi ba, amma zai yi wata uku a gida saboda ƙaryar da ya yi.

"Wa zai gyara fankar, ranka ya daɗe?" wani daga cikinsu ya tambaya.

"Wa kuwa?" Farfesa ya rufe fayil da ƙarfi. "In ya dawo. Ita kuma ta riƙe masa fitila."

Shekara guda. Ta fito tana lissafin yadda za ta gaya wa Umma cewa akwai sauran reno. Abin mamaki, ƙirjinta sakayau, kamar ta sauke tulu.

A ƙasan matakala ta gan su.

Yaya yana tsaye jikin motarsa, fuskar nan a murtuke. Taku biyar daga gare shi Maƙeri ne, yana haki, da rigar gareji da baƙin mai har gwiwar hannu. Kowannensu ya zo hana ta, kowannensu ya makara.

"Kin faɗa?" in ji Yaya.

"Na faɗa."

"Me suka ce?"

"Shekara ɗaya."

Maƙeri ya dafe kai. Yaya ya runtse ido. Sannan ya juya ya ƙare wa Maƙeri kallo, tun daga tsofaffin takalmansa har sumarsa.

"Kai ne ka ɗauki laifin ƙanwata ka ɗora a kanka?"

"Yallaɓai, ni dai..."

"E ko a'a?"

"E."

"Aka dakatar da kai, na zage ka a gaban mahaifiyata, na ce sakarai ne kai. Duk ka ji labari?"

"Na ji."

"Ba ka zo ka wanke kanka ba."

"In na wanke kaina, ita zan shafa wa."

Yaya ya yi tsaki, ya kau da kai yana kallon bishiyoyin bakin titi. Injiniya ta san tsakin nan tun tana ƙarama. Irin wanda yake yi ne in an kayar da shi a gardama.

"Wawaye biyu," ya ce. "Allah ya haɗa ku." Ya nuna Maƙeri da makullin mota. "Je ka wanke hannun nan, ka sa rigar mutane, gobe bayan la'asar ka same ni a gida. Ka ji da kyau, ban ce na ba ka ba. Cewa na yi ka zo."

Maƙeri ya durƙusa a nan kan kwalta. "Na gode, Yallaɓai. Allah ya ƙara girma."

"Tashi, kada ka ɓata musu titi."

Ya juyo gare ta. Ta fara murmushi cikin hawaye, ya ɗaga mata hannu.

"Kada ki yi saurin washe baki. Kyaftin abokina ne tun muna yara, bai yi mana komai ba sai alheri, kuma ya riga ya gaya wa manyansa Asabar. Ni ba zan ɗauki wannan kunyar ba. Tunda yau kin iya faɗin gaskiya, ki ƙarasa."

Ya zaro wayarsa, ya danna, ya miƙa mata. Tana ringi.

Ta dubi Maƙeri. Ya gyaɗa mata kai sau ɗaya.

"Abokina!" muryar Kyaftin ta fito, cike da fara'a. "Yanzu na sauka. Ya shirin jibi?"

Ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Ba Yaya ba ne, ni ce," ta ce. "Kyaftin, ɗazu ka ce min wanda ya yi kuskure ya ɓoye shi kake tsoro. Don Allah ka samu wuri ka zauna. Zan gaya maka inda zobenka ya shiga."